Na sai inji "haɗe da gem", na ishe takarda cikin kwali. Ofdet da taswirorin nan dole ne?

Mai gidan gem, Mabera

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon gem nan Mabera, cikin Sakkwato: talabijin huɗu, benci biyu, da fanka guda mai aiki ran da ta ga dama. Shekara uku ke nan ina wagga sana'a da PS4 guda uku, kuma kusan duk abin da yara ka bugawa ƙwallo ce da Mortal Kombat. Ban taɓa haɗa injinan da intanet ba sai bana. Tun ran da na haɗa ban huta ba.

Bayan ƙaramar Salla munka haɗa kuɗi ni da yayana munka sai PS5, don talabijin na huɗu ya bar zaman banza. Mai kayan, ba zan faɗi shagonai ba, yac ce haɗi ne: inji, da hannu, da gem ɗin ƙwallo, duk kuɗi guda. Ga hoton gem ɗin nan ɓaro-ɓaro jikin kwali. Na rungumo kwali bisa kabu-kabu awa jariri, na iso shago, yara sun cika ƙofa. Munka buɗe, babu faifai. Wata 'yar takarda ce da lambobi 12 jikinta. Na shigar da su cikin akawun ɗina, wanda wani abokina ya buɗe mani da adireshin Amurka, inji yac ce sam. Na koma wurin mai kaya, yac ce shi dai kwali a rufe ya ba ni.

Cikin watan dai, wasu samari sunka matsa sai na sa musu wani gem na harbe-harbe da na saya na hannu, su buga da mutanen waje. Na jona ɗaya daga cikin PS4 ɗin da 'yar rawuta ta ta intanet, sai ga ofdet, wato sabuntawar gem da aka saukewa, na giga talatin da wani abu. Inji yac ce wuri bai isa ba, alhali ina ganin sauran wuri ya zarce haka. Na goge gem biyu. Na bar shi da dare yana saukewa, anka ɗauke wuta yana gab da ƙarewa, janareta ko ba mai. Da safe datar wata guda ta tahi. Da ƙyar anka kammala bayan kwana biyu, na shiga, sai na ga wasu taswirori, wato filayen da aka fafatawa cikin gem ɗin, da kwaɗo jikinsu, wai sai an biya dala.

To, 'yan uwa, mi ya kamata in yi da takardar nan, ko kuɗina sun bi ruwa? Kuma ku da kunka daɗe cikin harkar, taswirorin nan da ofdet sun cancanci kuɗin mai ƙaramin shago, ko in cire waya in koma yadda nike?

Mai gyaran gem, wajen titin Emir Yahaya

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka jefar da takardar, kuɗi ce. Ka dai duba ƙananan rubutun jikinta tun yau, don irin waɗanga suna da ranar ƙarewa.

Ga inda matsalar take. Faifan PlayStation yana aiki a kowane inji, ko daga ina anka kawo shi, amma lambar takarda da duk wani ƙari da aka saukewa suna bin ƙasar akawun. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka zaɓa in za a buɗe akawun, shi ya sa kowa nan ya zama ɗan Amurka ko ɗan Ingila da rana tsaka. Dubi kwalinka. In alamar shekaru harafi ce baƙi da fari, E ko T ko M, kayan Amurka ne. In lamba ce mai launi, 3 ko 12 ko 18, na ɓangaren Turai da ƙasashen Larabawa ne. Ina kyautata zaton naka na biyun ne, don kaya da yawa ta Dubai suka biyowa. Takardar kan faɗi ƙasashen da za ta karɓu. Ka buɗe wani akawun na ɗaya daga cikinsu a bisa injin, ka shigar da lambar nan, sannan ka kunna saitin da ke bari sauran akawun na cikin inji su buga abin da anka saya. Shi ke nan, kowane yaro ya zauna zai buga. Amma ka tanadi data mai kauri, gem ɗin dukansa za ka sauke, ba ofdet ba.

Zancen wuri kuwa, ba ƙarya injin ya yi maka ba. PS4 in zai sa ofdet yakan sake kwafe fayilolin gem ɗin, don haka yana biɗar wuri fiye da girman ofdet ɗin. Mai giga 500 ba ya jure manyan gem fiye da 'yan kaɗan. Tun 2017 injin yana karɓar had-dis na waje ta USB 3.0, daga giga 250 zuwa sama. Ka sai guda, ya fi maka goge-goge.

Abin da ya fi ci mani rai cikin labarinka ɗauke wutar nan ne. Da yawan injinan da aka kawo mani ba ƙura ko zahin Afrilu ya kashe su ba, yanke wuta ne suna tsakiyar rubutu. Wani a gyara shi da sake jera bayanai, wani sai an wanke shi tas, duk abin da yara sunka tara ya tahi. Kada ka sake barin ofdet ya kwana sai wurin da akwai sola ko inbata. Kuma ka shiga saiti ka kashe saukewa ta kai tsaye, in ba haka ba duk sa'ad da inji ya ji ƙamshin intanet zai fara sha.

Tsohon ɗan wasa, Runjin Sambo

Injiniya ya gama da ɓangaren gyara. Ni kan taswirorin zan yi magana, domin na kashe musu kuɗi a lokacin da ba ni da hankalin kuɗi.

Malam mai shago, kada ka sayi taswirar da ke da kwaɗo a tsohon gem. Ko kyauta aka ba ka dalar, ka sai wani abu da ita. Wancan tsari ne na da. A 2010 Call of Duty: Modern Warfare 2 ya fitar da ƙunshin taswirori biyar a kan dala 15, biyu daga ciki ma, Crash da Overgrown, tsofaffi ne daga gem ɗin da ya gabace shi. Masu Xbox 360 suka fara samu, mu masu PS3 muka jira wajen wata guda. Daga baya aka koma sayar da tikitin shekara, ka biya kusan dala 50 tun kafin ka ga abin da za a ba ka. Illar abin ita ce yana raba 'yan wasa gida biyu. Ku huɗu kuna wasa tare, ɗaya bai saya ba, to ko dai a bar shi a baya, ko ku ukun ku haƙura da abin da kuka biya. Kuma da sabon gem ya fito, jama'a su watse. Yau in ka sai taswirar gem mai shekara bakwai ko takwas, ka sai fili ne a garin da kowa ya tashi. Za ka zauna kana jiran abokan karawa har batirin hannu ya mutu.

Daga Modern Warfare na 2019 suka daina wannan, sababbin taswirori suka zama na kowa, har mai PlayStation ya iya haɗuwa da mai Xbox da mai kwamfuta a fili guda. A Maris 2020 Warzone ya fito kyauta. Kuɗinsu yanzu a tufafin soja da fentin bindiga suke nema, wanda in ba ka saya ba babu abin da zai hana ka wasa. A ganina wannan ya fi adalci nesa ba kusa ba.

Wani abin da ba ka ambata ba, kuma zai cije ka: gem ɗin da aka saya da kuɗi ba ya buguwa da mutanen waje a PS4 ko PS5 sai da rajistar PlayStation Plus. A zamanin PS3 kyauta ne. A shagon Amurka mafi arha ta shekara ta tashi daga dala 60 zuwa 80 a Satumba 2023. Gem na kyauta irin su Warzone da Fortnite da eFootball ba sa buƙatarta. In samarinka harbi suke so, can za ka kai su.

Ɗan Gawon Nama

Yaya na Runjin Sambo, da girmamawa, adalcin nan da kake faɗi na masu waya har cikin ɗaki ne. Dauri in ba ka son taswira, ba ka saye, gem ɗinka yana nan yadda yake. Yanzu ko kana so ko ba ka so sai ka sauke, har da rigunan da wani yaro a Turai zai saya, don injinka ya iya nuna maka su in kun haɗu. In ba ka sauke ba ƙofa a rufe take. Mai tsire ne ya ce yaji kyauta, amma sai ka yi hayar mota ka ɗauko buhun da kanka. Tun da anka amince wa kamfunnan waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, ga mai ya tashi tun cire tallafi a 2023, kyautar nan ta fi ta kuɗi tsada wurinmu.

Kuma ofdet ba gyara kaɗai yake kawowa ba. Ka saba da yadda ɗan wasa ke gudu ko yadda bindiga ke tashi, a wayi gari an sauya. Wani lokaci ma taswirar da kake so a ɗauke ta ɗungurungum. Verdansk na Warzone an cire ta ƙarshen 2021, mutane sunka yi ta kuka, ba ta dawo ba sai Afrilun 2025. Abin da ke cikin faifai kuwa yana hannunka, ba mai shigowa da dare ya canza maka shi.

Shi ya sa har gobe akwai shagunan da PES 2021 ke ci, Messi na nan Barcelona abinsa, an loda riguna da tambarin kulob ta filas, ba ruwan kowa da intanet.

Mai shago, in haɗi kake so na gaskiya, ka biɗi gem ɗin da anka sake fitarwa cikakke, irin Mortal Kombat XL ko Mortal Kombat 11 Ultimate, wanda ya tattaro ƙarin 'yan dambe da ƙarin labari wuri guda. Amma ka tambaya kafin ka biya: ƙarin yana cikin faifai ko a takarda? In a takarda ne kuma na hannu ne, mai shi na farko ya riga ya cinye lambar.

Maman 'yan biyu, Arkilla

Ƙannena, ni ban san taswira ba, na dai san wanda ke biya. Babansu ya kawo musu inji da sharaɗin sai Asabar da Lahadi. Ranar Asabar ɗin farko awa biyun da na ba su a kallon wani layi yana cika suka ƙare, ƙaramin har da hawaye. Yanzu daren Alhamis nake sa babban ya kunna ya gama duk abin da zai sauke. Katin banki kuma ban yarda a sa shi cikin injin ba, ko sau ɗaya. In suna son wani abu su tara kuɗin Salla a sai musu katin da ake kankarewa, in ya ƙare ya ƙare.

Mai gidan gem, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Injiniya, lamba 3 ce koriya jikin kwalin, kuma takardar ta lissafo ƙasashen Larabawa. Na ɗauki injin na kai gidan yayana mai sola, munka buɗe sabon akawun, lambar ta shiga bugu guda. Yana can yana saukewa tun la'asar.

PS4 ukun na cire su daga intanet. Ɗan Gawon Nama, maganarka ta shige ni, sai dai yarana ba su da haƙurin naku. Jiya biyu sunka kusa dambe don gem ɗin ƙwallona, FC 24, yana nuna Mbappé a PSG da Osimhen a Napoli, mai ɗaukar Madrid yac ce an cuce shi, a mayar mai da kuɗinai. Hajiya, shawarar katin banki na ɗauka, don saura kaɗan in sa nawa.

Saura tambaya guda: ba yadda za a yi a gyara 'yan wasan nan ba tare da data ba?

Mai gyaran gem, wajen titin Emir Yahaya

Akwai. Cikin gem ɗin, wajen gyaran kulob, ana iya ɗauke ɗan wasa daga wanga kulob a kai shi wancan da hannu, a adana. Aikin dare guda ne in ka tsaya kan manyan kulob shidda ko bakwai da yara ka ɗauka. Ka sa yaron da ya nemi kuɗinai ya zauna ya yi maka, ka ba shi wasa uku kyauta. Ka dai tsaya bisa kansa, in ba haka ba za ka ishe duk duniya ta koma Madrid.