Ruwa ya cinye mana hanyar keke a gefen Shere, ya za mu yi?

Dan_Gangare:
Salam yan uwa masu hawa keken dutse a Jos, dan Allah ina neman shawara. Akwai wata yar hanya da muke gangarowa daga duwatsun Shere ta bangaren Lamingo, tun da ruwan Agusta ya kama zuba tsakiyarta ta zaizaye, yanzu rami ne ya kusa kai gwiwa, duk jar kasar ta tafi sai tsakuwa, taya na fadawa sai dai ka sauka ka tura. Wlh abin yana min ciwo don a nan yawancinmu muka koyi gangara. Yaran sun ce mu hada kudi mu sayo tifa daya ta kasa mu cike, to zai rike kuwa?

Baban_Rayfield:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ku ɓata kuɗinku, ruwan farko zai kwashe ƙasar ya kai ta rafi. Ramin nan alama ce kawai, ainihin ciwon shi ne hanyar ta miƙe sambal daga sama zuwa ƙasa, ruwa kuma inda ya fi sauƙi yake bi, sai ya mai da ita lambatu, yana tafiya yana ƙara gudu yana ƙara ci. Aikinku shi ne ku fitar da ruwan daga kan hanya tun bai tara ƙarfi ba.

Ƙungiyar masu hawan keken dutse ta IMBA da ke Amurka, wadda aka kafa a 1988, tana da ƙa'ida mai sauƙi: gangaren hanya kada ya wuce rabin gangaren tudun da take ratsawa, kuma in an auna ta gaba ɗaya kada ya haura kashi 10 cikin 100, wato saukar mita 10 a kowace tafiyar mita 100. Saman hanyar kuma a ɗan karkata shi wajen kwari kamar kashi 5, ruwa ya tsallaka ya wuce. Sannan nan da can a sa ta ɗan nutsa ta sake hawa, a wurin nutsawar ruwan zai zube gefe. Ku je lokacin da ake ruwa ku tsaya ku kalla da idonku, za ku ga daidai inda yake shigowa. Inda ya yi tsaye da yawa ku jera manyan duwatsu masu faɗi ku binne su sosai, dutse kam Allah ya hore mana a Filato. In kuma ramin ya yi nisa gara a rufe wurin a zagaya da sabuwar hanya.

Maman_Hanif:
Baba ya gama magana, amma dan Allah kafin ku daga diga ku je ku gaida mai unguwa da masu gonakin wurin, kar ku juya ruwa ya fada gonar dankalin wani ya zama rigima, kuma ku duba ko burtali ne shanu ke bi. Tsohon ramin kuma ku tare shi da duwatsu ku dasa ciyawar jema layi layi a gicciye, saiwarta na shiga kasa sosai tana rike ta. Yanzu da kasa ke da danshi ne lokacin dasawa.

Mai_Giya_Tara:
Gsky mu ma da namu. In an tafka ruwa a hakura kasa ta sha iska tukuna, kuma masu danne birkin baya taya na jan kasa ku bari, kowane ja layi ne kuke bude ma ruwa. Sai masu kauce ma tabo ta gefe, hanyar sai kara fadi take.

Dan_Gangare:
Na gode Baba, Allah ya kara girma, Maman Hanif Allah ya saka. Mun fasa tifa. Juma'a bayan masallaci za mu je wajen mai unguwa, in ya amince ranar Asabar mu yi gayya da sassafe. Mai diga, shebur, fartanya ko baro ya taho da shi. Baba ko za ka samu zuwa ka nuna mana inda za mu fara?

Baban_Rayfield:
In sha Allahu zan zo. Ku tanadi igiya da turaku, daga sama za mu fara.