Hambaga mai cuku a ciki: yadda kowa yake yin tasa a gida

Uwargida daga Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon waɗanda suka saba yin hambaga irin wadda ake cusa cuku a tsakiyar naman su ba mu labarin yadda suke yi. Yara sun gani a waya sun matsa mini, amma da zarar na ɗora a kasko, kafin lokacin juyawa ya yi sai cukun ya tsiyaye ta gefe ya ƙone, idan kuma na yi saurin saukewa sai in tarar cikin naman da sauran ja. Naman cinya nake sa a niƙa mini, kuma ina cuɗa shi da gishiri da dunƙule da ɗanyar albasa kafin in mulmula.

Ɗan'uwa mazaunin Minnesota, Amurka:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A nan Minneapolis wannan abinci sananne ne, Juicy Lucy ake kiransa, kuma gidajen abinci biyu da ke kan titin Cedar, wato Matt's Bar da 5-8 Club, kowannensu yana cewa shi ya fara yin sa a shekarun 1950. Ni a gida nake yi, da naman da nake saya a shagunan Somaliyawa, waɗanda suke da yawa a birnin. Naman da ake so shi ne mai kitse kashi 20 cikin 100. Ina raba giram 170 gida biyu, in daddanna kowanne ya yi faɗi ya yi siriri, in naɗe yankan cuku gida huɗu in ajiye a tsakiyar ɗaya, in bar sarari kamar faɗin ɗan yatsa a kewaye, sannan in rufe da ɗayan in matse bakin sosai yadda ake matse bakin samosa, har sai layin haɗin ya ɓace. Daga nan sai firji na rabin awa, domin naman da ya yi sanyi ba ya saurin buɗewa a wuta. Bayan na juya, nakan huda saman da tsinken sakace sau ɗaya don tururi ya sami hanyar fita, saboda tururin da ya taru a ciki shi ne yakan fasa gefen.

Ɗan gidan mahauta daga Kano:
Hajiya, tun daga wajen sayen nama aka bar hanya. Cinya tsoka ce zalla, idan ta ji wuta sai ta tsuke ta bushe, wurin haɗin ya rabu. Ki ce wa mahaucinki ya haɗa miki da tozo ko kitsen ƙirji, kashi ɗaya na kitse a kan huɗu na tsoka, kuma a niƙa sau ɗaya kawai, kada a maimaita har ya zama kamar kwaɓi. A gidanmu ma ba ma kai shi inji, da wuƙa muke saransa a kan katako, yana cin lokaci amma mutum ya san abin da ya taɓa namansa. Gishiri kuwa a waje ake barbaɗa shi daf da ɗorawa, don idan aka cuɗa shi a ciki tun da wuri naman yakan yi danƙo ya yi tauri. Ɗanyar albasa ma ruwa take saki, ita ma tana cikin masu buɗe miki bakin naman.

Ma'aikaciyar jinya daga Zariya:
Ni jan da Hajiya ta ambata ya fi damuna a kan cukun da ya zube. Yankan nama ƙwayoyin cutarsa a saman suke, wuta tana kashe su nan da nan, amma niƙa yana kai su har tsakiya, ga shi kuma a wannan hambagar cukun yana kwance ne a jikin ɗanyen nama. A 1993 an yi ɓarkewar cutar E. coli a yammacin Amurka ta dalilin hambagar da ba ta gasu ba, ɗaruruwa suka kwanta, yara huɗu suka rasu. Hukumar aikin gona ta ƙasar ta ce niƙaƙƙen naman shanu sai cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salsiyas. Ina da ƙaramin ma'aunin zafi na girki, kuma ta gefe nake soka shi cikin naman, ba cikin cukun ba. Wadda ba ta da shi ta rage wuta zuwa matsakaiciya, ta rufe kaskon da murfi bayan ta juya, ta ba kowane gefe kamar minti 5 zuwa 6, ta kuma yanka guda ɗaya ta duba kafin ta miƙa wa ƙananan yara. Idan an sauke a jira minti 3 ko fiye, domin narkakken cuku yana ƙona baki ƙwarai, na ga yaron maƙwabta da leɓensa ya tashi saboda gaggawa.

'Yar'uwa daga Damagaram:
Mu cukun da muke da shi a kusa na Buzaye ne, busasshe, wanda ake ci da shayi, kuma ba ya narkewa ko an daɗe ana gasawa. Na shago mai narkewa yana da tsada, saboda haka albasa da tattasai da ɗan attaruhu nake soyawa har ruwansu ya ƙone, in bari su huce sarai, in haɗa da yankakken dafaffen ƙwai in cusa. Dogon burodi muke ci a nan, shi ya sa nake yin naman a miƙe maimakon zagaye.

Yaya daga Nima, Accra:
Anti ta Damagaram, rashin narkewar nan ni alheri na ɗauke shi. Wagashi, wato cukun Fulani, nake yankawa ƙanana, in ɗan soya, in barbaɗa yajin tsire in sa a ciki. Yana yin laushi amma ba ya gudu, don haka ko bakin ya ɗan buɗe babu abin da zai zube. Maigidana dai yana cewa idan cuku bai zubo ba lokacin da aka gatsa to ba a yi komai ba, saboda shi nake haɗa wagashin da ɗan yankan na shago.

Ɗan gidan mahauta daga Kano:
Na manta da maganar gawayi. Wanda zai gasa a kan waya kada ya ɗora sai garwashin ya yi farin toka, ya tara shi a gefe ɗaya, ya fara gasawa a kan wutar har naman ya kama, sannan ya matsar da shi gefen da babu garwashi ya ƙarasa a hankali. Kuma don Allah kada a danna shi da cokali kamar yadda wasu suke yi, juyi ɗaya ya isa.