Wai Motar Zamani Ce Ta Lalata Direbobi?

Kawu Mai 504: Salamu alaikum jama'a. Yau da hantsi ina shatale-talen Mai Ruwa, wani yaro yaz zo da baƙar Camry, hannu guda ga sitiyari guda ga waya, yaf faɗo gabana ba sigina ba oda. Da ban taka birki ba da yanzu wata maganar ake yi. Na daɗe ina faɗi, kuna yi min dariya: motar zamani ta kashe tuƙi. Tun ranar da anka cire kuloci daga mota kowa ya zama direba. Mu da munka koya, sai ka shekara ukku kana karen mota, kana wanke ta, kana ɗaurin kaya, kana sa weji, kahin maigida shi yarda ka ja ta daga tasha zuwa gidan mai. Yanzu kwana ukku a filin ƙwallo, an miƙa wa yaro makulli.

Ɗan Mabera: Wa'alaikumus salam Kawu. Allah ya ƙara tsarewa. Amma ba ni ba ne fa, tawa tana wurin wanki tun safe.

Kawu Mai 504: Wa yac ce kai na? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Hajiya ta Arkilla: Kawu, sannu da tsallake rijiya. Sai dai ban yarda da kai ba. Shekarata 11 ina jan otomatik, ni ke kai yara makaranta ni ke ɗauko su, ko madubin wani ban taɓa gogewa ba. Waɗanda ke sa gabana faɗuwa a hanyar Illela su ne masu Golf da Sharan na haya, mutum biyu a kujerar gaba, but a buɗe an ɗaure da igiya, su sha gabanka a kan kwana suna ganin tirela na tahowa. Duk da kuloci suke tuƙi, kuma yawancinsu sun yi karen motar da kake yabo. In kuloci ne ke sa hankali, su ina nasu ya tafi?

Kawu Mai 504: Hajiya, waɗanga yunwa ka kora su. Mai mota na jiran balas da dare, kamasho ya cire nashi, mai ya yi tsada tun da anka janye tallafi a 2023. Dole shi yi sawu biyu inda da sawu guda ake yi. Wannan wata cuta ta daban. Ni ina magana kan mai motar kanshi, wanda ba kowa ka korar shi ba.

Injiniya: Kawu, bari ɗanka ya sa baki, tunda kullum cikin motocin nan nake kwana. 504 ɗinka da aka haɗa a Kaduna, wadda kamfanin Peugeot ya fara harhaɗawa a can a 1975, ƙarfin injinta bai kai doki 100 ba. Camry ta 2007 da muke kira Muscle, mai silinda huɗu doki 158 ne, mai shida kuwa 268. To ka ga ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba. A 504 in ka kai 110 sitiyari na rawa, iska na kuka ta taga, jikinka da kansa zai ce maka ya isa. A Muscle gilashi a rufe, esi na busawa, karatu ko kiɗa na tashi, sai ka kai 140 kana jin kamar 80 kake. Nan kam ina bayanka. Inda muka rabu shi ne cewar da kake yi motar ce matsalar. Motar ta fi taka tsare rai nesa ba kusa ba. Gabanta an ƙera shi ya lanƙwashe ya shanye dukan, ɗakin fasinja ya tsira. Taka ƙarfe ne zalla, ita ta fita da ɗan lotsawa, mutanen ciki su ne ke shan dukan.

Kawu Mai 504: Ka ji ko! Ka ce ta fi tsare rai, ga ta awa gwangwanin madara. Akuya ta buge ta sai an sake bamba.

Injiniya: Gara a sake bamba da a sake haƙarƙari, Kawu.

Dakta: Maganar nan taku masana sun daɗe da yin ta. A 1975 wani masanin tattalin arziki a Jami'ar Chicago, Sam Peltzman, ya kawo hujjar cewa in aka ƙara wa mota kayan kariya, direba kan cinye wani kaso na ribar ta hanyar ƙara ganganci, don yana jin ya samu garkuwa. An kuma gwada a kan direbobin tasi a birnin Munich na Jamus, wasu da birkin ABS mai hana taya kullewa wasu babu, sai aka ga masu ABS ɗin sun fi tuƙin ganganci, haɗurransu ba su ragu yadda aka zata ba. Wannan ya ƙarfafi Kawu. Amma kar a ɗauka an ce kariyar ba ta da amfani. Bel ɗin kujera irin wanda muke ɗaurawa yanzu, wanda Volvo ta fito da shi a 1959, babu mai musun rayukan da ya ceta.

Ɗan Mabera: Dakta, ni bel ɗin nan zafi yake sa ni, ga shi yana yamutsa shadda. Ta baya nake zagayo da shi in maƙala don ƙarar ta yi shiru.

Injiniya: Ƙanena, ka ga wannan da ka faɗa, shi ne ainihin ciwon. Jakar iskar da ke cikin sitiyarinka an yi ta ne ta tari mutumin da bel ya riƙe. Tana fashewa cikin ƙasa da ƙiftawar ido. In ba ka ɗaure ba, kai kana tafiya gaba ita tana tahowa, a tsakiya za ku haɗu, wuyanka ne zai biya. Ka yaudari kwamfutar motar, ta ɗauka kana ɗaure.

Kuma bari in faɗi abin da na daɗe ina son faɗi a zauren nan. Muna ta gardama kan motar zamani, alhali abin da yawancinmu ke ja a Sakkwato ba ita ba ce. Rabinta ce. Da yawa daga cikin 'yan Kwatano da 'yan Legas ɗin nan daga gwanjon motocin da suka yi haɗari a Amurka aka sayo su. Jakar iska ta riga ta fashe can, a zo nan a cusa soso a rufe, a liƙe murfin, a cire ƙwan fitilar da ke dashbod don kar ta tona asiri. Fitilar ABS ta kama, makanike ya ce ai ba komai, a manna baƙin tef a kai. A cire abin tace hayaƙin nan da suke kira indomi a sayar. A cire tamostat mai daidaita zafin injin a haɗa fanka kai tsaye. Me ya rage na zamani? Injin mai gudu da esi mai sanyi. Duk abin da ke hana mutuwa an kwashe, abin da ke kai mutum ga mutuwa ne kaɗai aka bari da lafiyarsa.

Kawu Mai 504: Tsaya nan ɗana. Tamostat kam dole a cire shi. Wanga abu don ƙasar ƙanƙara anka yi shi. Kai ba ka san zafin Afrilu a garin ga ba?

Injiniya: Na san shi Kawu, a cikinsa aka haife ni. Zafin namu in ya yi tsanani ya ɗan haura 40. Shi kuwa tamostat sai ruwan injin ya haura 80 yake buɗewa, don a nan injin ke son aiki. Motocin Makka da Madina da nasu suke yawo, kuma ka je Hajji ka ga ranar can. In aka cire shi, injin ya daɗe bai ɗau zafi ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu sanyin asuba ne, ta yi ta zuba mai. Sai mutum ya zo yana ce min motarsa na shan mai kamar raƙumi. In mota na zafi a duba lagireto ko ya toshe, a duba fanka da murfin, a daina zuba ruwan rijiya.

Alhaji Dila: Injiniya, na ga kana harbin iska kana kallon wajena. To bari in kare kaina. Shekara da shekaru ina sayar da mota, wallahi ban tuna ranar da mai saye ya tambaye ni jakar iska ba. Tambaya uku ce: esi na yi? Fentin farko ne? Ƙafafun alo ne? Sai ya ɗaga bonet ya leƙa kamar ya san abin da yake nema, ya buga taya da ƙafa, a yi ciniki. In na kawo mai cikakkiyar lafiya na ɗora kuɗinta, sai ya tsallaka wurin maƙwabcina ya ɗauki mai arha. Tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017, ga kuma dala, kuɗin mota ya tashi, kowa arha yake bi.

Hajiya ta Arkilla: Alhaji, wanda bai sani ba ai ba zai tambaya ba. Kai da ka sani me ya hana ka faɗa?

Alhaji Dila: Hajiya, Allah ya bar zumunci. Wannan tambayar sai mun haɗu.

Kawu Mai 504: Duk na ji ku. Amma akwai abin da ba kwamfuta ba ta san shi, shi na ladabin hanya. Da, in kana bin babbar mota daga Shuni zuwa Tureta, direban na ganin abin da ba ka gani. In ya kunna siginar hagu, yana ce maka kada ka fito, akwai mai zuwa. In ya kunna ta dama, bismilla wuce. Ka wuce ka ɗan taɓa mashi oda, shi amsa. Da dare in kun yi kiciɓis kowa shi rage fitila. In ka ishe mota ta lalace a daji, ko ba ka san mai ita ba sai ka tsaya. Wanga duk a bakin maigida munka ji shi, muna zaune bisa kaya. Yanzu yaro ya sa fitilun ga farare masu kashe ido, ka yi mashi alama har ka gaji, bai ma san mi kake nufi ba. Ranar biki kuma su taru su rufe titi suna juyi da mota, taya na hayaƙi, 'yan kabu-kabu na gudun ceton rai. Wa zai yi haka da motar da ya sha wuya kahin shi taɓa sitiyarinta?

Dakta: Kawu, wannan kam gaskiya ce, sai dai ka lura ka bar maganar kuloci ka koma maganar tarbiyya. Tasha makaranta ce a da, ta rushe, ba a gina wata a gurbinta ba. A takarda akwai: Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta ce sai an bi ta makarantar koyon tuƙi kafin lasin. A zahiri kowa a nan ya san wanda lasinsa ya same shi har gida. Ku tambayi masu mota goma iyakar gudu a cikin gari, ku ga nawa za su ce 50. A babbar hanya 80 ne ga ƙaramar mota, 100 sai a tagwayen titi na musamman. Ga kuma aikin titin Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a Illela a 2024. In an gama shi, masu ƙure maleji a kan ramuka ban san me za su yi a kan shimfiɗaɗɗe ba.

Ɗan Mabera: To ni dai a yi mana adalci. Ba duka matasa ke wasa da mota ba. Kuma kyamarar ribas ta taɓa cetona, ɗan maƙwabcinmu na zaune a bayan mota yana wasa da ƙasa, ta madubi ba zan taɓa ganinsa ba. Kawu, a 504 da me za ka gan shi?

Kawu Mai 504: Da ƙafata. Kahin in shiga mota sai na kewaya ta. Har gobe haka nika yi.

Hajiya ta Arkilla: Wannan kam na ɗauka, Kawu. Amma a haɗa biyun.

Injiniya: Ƙanena, kyamara na da kyau, wayar hannunka ce matsala. A gudun 120 motarka na cin mita 33 duk daƙiƙa. Ka duba saƙo na daƙiƙa uku, ka shafe tsawon filin ƙwallo ido a rufe. Kuma in ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ba ninki biyu yake ba, huɗu ne. ABS ba ya soke wannan lissafin, aikinsa ya hana taya kullewa don ka iya kauce wa abu kana kan birki. A kan yashi ko tsakuwa ma yakan ƙara nisan tsayawa.

Ga aiki na ba kowa yanzu, ba sai an biya ni ba. Ku murɗa makulli ba tare da kun tayar ba. Fitilar jakar iska da ta ABS dole su kama, bayan 'yan daƙiƙu su mutu. In ɗaya ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Sannan ku duƙa ku duba gefen taya, bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar Beljiyam mai kyan zane tana iya zama ta shekara goma, kuma irinta ce ke fashewa da azahar a hanyar Tambuwal.

Hajiya ta Arkilla: Na duba. Fitilu duka sun kama sun mutu, alhamdu lillahi. Tayun gaba 2222, na baya ɗaya 4114. Mai facin da ya sayar min ya rantse sabuwa ce.

Injiniya: Ta ƙarshen 2014 ce Hajiya. Kar ki kai ta ko Bodinga.

Ɗan Mabera: Ta ABS ta kama. Ɗayar ban ma ga inda take ba. Alhaji, a wurinka fa Baba ya sayo motar nan.

Alhaji Dila: Ana kiran la'asar, bari in yi alwala.

Kawu Mai 504: Tawa ba ta da fitilar da za a cire. Ɗan Mabera, gobe bayan azahar ka ishe ni gida, ka bar wayar ga uwarka, mu fara daga giya ɗaya.