Ina son komawa karatu, amma ina gudun nauyin gida ya faɗa kan babbar 'yata

Maman Huɗu, Kano:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na kammala sakandare kafin a yi mini aure, yanzu kuma ina da yara huɗu. Babbar tana aji biyu a ƙaramar sakandare, mai bi mata namiji ne, autan kuwa bai daɗe da yaye ba. Tun ina makaranta burina shi ne in zama malamar firamare, kuma maigidana ya amince in nemi takardar shaidar malanta ta NCE ta hanyar karatun ƙarshen mako, da sharaɗin kada gida ya tagayyara. Da na kai wa surukata maganar, sai ta ce ba ta ga abin damuwa ba, tunda ina da budurwa a gida wadda za ta riƙe ƙannenta. Wannan amsa ce ta tsaya mini a rai, domin yarinyar tana da Islamiyya da hadda ranakun Asabar da Lahadi, kuma ko yanzu ita ke wanke-wanke da shara, alhali ƙanenta ba ya komai sai aike. Shin in jinkirta har autan ya shiga makaranta, ko akwai hanyar da zan fara ba tare da na tauye ta ba?

Malama daga Zariya:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shawarata ita ce kada ki jinkirta, domin hidimar gida ba ta ƙarewa, sauya kama kawai take yi. Ki fara da ɗauko sakamakon sakandarenki ki duba ko kina da kiredit ɗin da ake bukata har da Turanci da Lissafi. Idan akwai giɓi, WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, kuma gara ki cike shi tun yanzu da a tsayar da ke daga baya.

Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, wadda aka kafa a Kaduna a 1976, tana da cibiyoyin karatu a jihohi, inda ake haɗuwa da malamai a ƙarshen mako, sauran karatun kuma mutum ya yi shi a gida da littattafan da aka ba shi. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da tsarin ilimin Najeriya ya yarda a shiga aji da ita, saboda haka kin zaɓi daidai. Idan kuma digiri kike hange, akwai jami'ar karatu daga gida, NOUN, sai dai ita tana bukatar ki saba da kwamfuta, domin rajista da yawancin ayyukan gwaji ta intanet ake yin su.

Abin da nake so ki shirya wa tun yanzu shi ne lokacin jarrabawa da lokacin koyarwa ta gwaji, wadda ake yi a makaranta cikin ranakun aiki har tsawon makonni. A nan ne gida ke jin jiki, kuma a nan ne uwa ke waiwayawa ta ga babu mai riƙe mata yaro sai babbar 'ya.

Hajiya Kakar Yara, Sakkwato:

'Yata, Allah Ya yi miki albarka da kika yi wannan tunani. Kada dai ki ɗauki maganar surukarki da zafi, domin mu haka muka tashi, kuma koya wa yarinya girki da raino tarbiyya ce da ba za a raina ba. Inda na rabu da ita shi ne, taimakon uwa daban, riƙon gida daban. Yarinyar da ta wanke kwanuka ta tafi hadda ta taimaka, amma wadda aka hana zuwa haddar domin ta zauna da jinjiri an ɗora mata abin da ba nata ba ne.

Shi kuma namijin, a ba shi tsintsiya. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da aka tambaye ta abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Ban san inda muka samo cewa shara tana rage wa ɗa namiji daraja ba. Karatun matar aure ma ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu, domin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, malamai mata da ake kira jaji take naɗawa su kai wa matan ƙauyuka karatu har inda suke.

Ki ɗauki maigidanki ku je wurin surukar tare, ki nemi albarkarta, sannan ki roƙe ta ta riƙa zama da autan ranar Asabar. Tsohuwar da aka nemi alfarma a wurinta ba ta cika zama mai suka ba.

Babbar Yaya, Kaduna:

Yaya, ni ce irin yarinyar da kike magana a kanta, domin ni ce babba a ɗakinmu, kuma mahaifiyarmu tana fita kasuwanci tun da sassafe. Kullum sai na hura wuta, na dama koko, na yi wa ƙannena wanka kafin in sa kayan makaranta, in isa an rufe ƙofa, a yi mini bulalar latti, in shiga aji hijabina yana warin hayaƙi. Da dare kuma da goyo a bayana nake aikin gida, ina jijjiga shi ina rubutu, har malamai suka riƙa cewa rubutuna ya lalace. Babu wanda ya taɓa ce mini in bar makaranta, amma matsayina a aji ya yi ta ja da baya, kuma kowa ya ɗauka ƙwaƙwalwa ce ba ni da ita. Saboda haka ki sa ido a kan katin sakamakonta na kowane zango, da lokacin da take kwanciya, domin 'ya'yan fari ba su cika kai ƙara ba.

Akwai kuma abin da ba a ambata ba, kuma na san za a ba ki shawararsa: ki ɗauko 'yar aiki daga ƙauye. Idan yarinya ce mai shekara goma ko sha ɗaya, to kin sauke kayan daga kan 'yarki kin ɗora wa 'yar wata, wadda ita ma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba ta haƙƙin karatun shekara tara kyauta kuma dole. Idan da hali, ki nemi babbar mace a unguwa, ku yi tsada a kan wanki da zaman ranar Asabar, ki biya ta haƙƙinta a kan lokaci.

Maman Huɗu, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Malama, na ɗauko sakamakon, Lissafi ne kawai ban samu kiredit ba, don haka da jarrabawar masu zaman kansu zan fara, kuma hakan zai ba ni lokacin gwada tsarin gidan kafin karatun ya kankama. Hajiya, mun tsayar da ranar Juma'a don zuwa wurin surukata. Na karanta wa maigidana abin da Babbar Yaya ta rubuta, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce daga gobe sharar tsakar gida ta koma hannun namijin. Maganar wanke-wanke kuwa ya ce sai mun sake zama.