Kwana goma a gidan Hajiya, ga naman layya: ya zan yi da teɓar nan?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Tun da na yaye Ilham nake fama da tumbi. Wata uku ke nan na bar shan shayin dare, ina zaga layinmu bayan sallar asuba, da ƙyar kilo 4 ya sauka. To ga Babbar Sallah ta matso, Abban su Ilham ya ce a Zariya za mu yi ta, kwana goma a gidan Hajiyarsu. Gidan da ba a sauke tukunya.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Ki shirya jin "yarinyar nan ta rame, ko ba ya yi miki cefane ne?" Wajen su Hajiya ai ƙiba ce shaidar kwanciyar hankali. Kada ki kuskura ki ce ba za ki ci ba. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ci malmala ɗaya ta tuwo, ki cika miya.

Maman Sadik: Ni bara lemo ne ya kayar da ni. Duk gidan da ka shiga yawon Sallah sai an dire maka kwalba. Ƙaramar Coca-Cola ɗin nan mai 35cl, sukarin cikinta ya kai cokalin shayi 9. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi kada babba ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in da hali ma 6. Ki lissafa gida huɗu. Yanzu karɓa nake in ajiye a gabana, in roƙi ruwa. Ba mai lura ko ka buɗe.

Maman Ilham: Zoɓo da kunun aya fa?

Maman Sadik: In ke kika haɗa kika rage sukarin, lafiya lau. Na biki kam sai a hankali.

Ummu Hanan: Ki nemi shayin rage ƙiba ki tafi da shi, maƙwabciyata ta ce cikin sati ɗaya ta ga canji.

Sista Hauwa: Don Allah a'a. Da yawansu filasko ne a ciki, gudawa kawai suke sawa. Ruwan jiki ne ke fita, kitsen yana nan, kuma kina sha kina ci zai dawo. Ga ki a gidan mutane, ki dinga sintiri banɗaki? Sauka mai ɗorewa rabin kilo zuwa kilo ɗaya ce a sati. A hutun nan ma kada ki sa rai da raguwa. In kika dawo yadda kika tafi, kin ci riba.

Hajiya Yaya: 'Yata, ki shiga madafi tun ranar yanka. Mai aikin nama ita ke zaɓa. Ki ware tsoka ki yi farfesu ko gashi, ki bar soyen da ya kwana cikin kakiɗe. Kuma ki guji tsintar nan ta bakin kasko, ɗaya-ɗaya har kin ci na mutum uku ba ki zauna ba. Ki tafi musu da zogale ki yi kwaɗo, Hajiya ma sai ta sa miki albarka.

Ummu Hanan: Ko ta dinga azumi a can?

Hajiya Yaya: Na Arfa dai. Ranar Sallah da kwana uku bayanta ba a azumi.

Anti Bilki: Tafiyar asuban ce za ta yi wuya, suruka ba za ta gane ba. Ki kwashi yaran ku je kallon hawa ƙofar fada da ƙafa, yawon gaisuwa ma duk gidan da ke kusa kada ku hau a-daidaita.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Saura abu ɗaya: Hajiya kan cika mana bokiti da soye da dubulan ranar dawowa.

Maman Sadik: Wannan ba matsala ba ce. Turo min kwatancen gidanki.