Tambaya: Ya dace a yi wa kare mai gashi mai kaushi aski da kilifa?

Maigona, Bukuru

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da kare irin wanda ake kira Airedale Terrier, wanda na ajiye domin gadin gida da garken awakina. Tun shigowar hunturu gashinsa ya yi tsawo, yana kama ƙura, har ya fara dunƙulewa a hammata da bayan kunnuwa. Maƙwabta suna cewa in sa a aske shi tas da kilifa a huta, amma wanda ya ba ni shi ya ja kunnena cewa irin wannan kare ba a yi masa aski. Ina roƙon masu sani su bayyana mini dalili, su kuma nuna mini yadda ake gyara shi ba tare da an cutar da shi ba.

Tsohuwar Malama, Rayfield

Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya ja kunnenka ya yi maka gata. Airedale, wanda asalinsa kwarin kogin Aire ne a yankin Yorkshire na Ingila, shi ne mafi girma a dangin karnukan da ake kira Terrier, kuma kamar 'yan'uwansa Wire Fox Terrier da Welsh Terrier da Border Terrier, gashinsa hawa biyu ne: na sama mai kaushi wanda ke tare ruwa da ƙaya, da na ƙasa mai laushi wanda ke riƙe ɗumi. Na saman idan ya kai iyakar tsawonsa sai ya mutu, amma ba ya zubewa da kansa yadda ya kamata, sai ya zauna a cikin fata yana tare wa sabo hanya. Kauri da launin kowane sili suna can wajen bakinsa ne, gindinsa kuwa siriri ne, fari-fari. Saboda haka idan kilifa ta bi ta kansa, sai ta yanke mai kyan ta bar mataccen, kuma in aka maimaita haka, baƙin da ke gadon bayansa zai koɗe ya koma toka-toka, gashin ya yi laushi yana shan ruwa da datti.

Abin da ake yi shi ne tsigewa da hannu. Za ka fara taje shi da matajin ƙarfe har dunƙulen su warware, sannan ka shafa ɗan garin alli a yatsunka domin kada su yi santsi. Ka ɗame fatar da hannu ɗaya, da ɗayan kuma ka kama silin da suka fi tsawo, kaɗan-kaɗan, tsakanin babban yatsa da manuniya, ka ja su ta inda gashin ya kwanta, wato daga wuya zuwa wutsiya. Mataccen gashi yana fita salin-alin, karen ma ba ya damuwa. Idan ka ga yana zabura, to ko dai ka kama da yawa, ko gashin bai isa cira ba. Akwai wuƙa mai haƙora da ake sayarwa don wannan aiki, amma aikinta riƙe gashi ne, don haka dakusasshiya ta fi. Masu yi gaba ɗaya sukan yi kamar sau biyu a shekara, ni dai na fi son a riƙa rage kaɗan kowane mako, domin kare ba ya gajiya, mai shi ma haka.

Ɗan Tudun Wada

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara cewa aski da kilifa ba haramun ba ne ga kowane kare. Tsohon kare, ko mai ciwon fata, ko wanda aka daɗe ana yi wa aski, sau da yawa kilifa ta fi masa sauƙi. Haka nan ciki da matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa, fatar wuraren nan tana da taushi, almakashi mai dakusasshen baki ya fi dacewa da su. Amma Malam, ko me za ka yi, kada ka tsiraita shi a wannan lokaci. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, kuma duk mun san sanyin daren Disamba da Janairu, ga shi kuma a waje yake kwana.

Maigona, Bukuru

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To batun wanka fa, ganin yadda ƙura ta yi yawa?

Ma'aikacin Lafiyar Dabbobi, Vom

Malam, kada ƙura ta sa ka yawaita masa wanka, domin yawan sabulu yana kwashe maiƙon fata, iskar hunturu kuma ta ƙara busar da ita, sai susa ta biyo baya. Buroshi da tsumma mai ɗan damshi sun isa a yawancin ranaku, sai gemunsa da ya kamata a goge bayan ya ci abinci, don kada tuwo ya bushe a ciki ya yi wari. Idan wankan ya zama dole, a yi da sabulun da aka yi don karnuka, ba omo ko sabulun wanki ba, kuma a bari a yi 'yan kwanaki bayan tsigewa, saboda kafofin gashin suna buɗe a lokacin.

Tun da yana cikin awaki, ka mai da lokacin tajewa ya zama na binciken kaska da ƙuma, musamman cikin kunne da wuya da tsakanin yatsu, domin kaska tana ɓuya a irin wannan gashi, tana kuma ɗauke da cututtukan jini masu sa zazzaɓi da rama. Da damina ka lura da ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, wanda tsutsar ƙuda ke haddasawa idan kare yana kwanciya a ƙasa mai damshin fitsari. Ina roƙonka kada ka bari kowa ya shafa masa baƙin mai ko maganin feshin gona da sunan maganin ƙazuwa, don yana lashewa ya zame masa guba. Idan ka ga gashi yana zubewa fili-fili, ko fatar ta yi ja tana ɓawo, ka dakatar da tsigewa ka kai shi asibitin dabbobi a kankaro fatar a duba.