Digirin kiɗa da waƙa: waɗanda suka bi hanyar, me ake tararwa?

'Yar Mabera

Assalamu alaikum. Ƙanena ya gama sakandare bana. Yana kaɗa kibod da kunne kawai, muryarsa kuma ba laifi, ya dage sai digirin kiɗa, ɓangaren ƙwarewa a kan kayan kiɗa ko murya. Don Allah waɗanda suka yi, ko suke koyarwa, ku faɗa mana abin da zai tarar da abin da ya kamata ya shirya tun yana nan Sakkwato.

Malamin Piyano

Wa alaikumus salam, Yaya. A fara da inda karatun yake. Yawancin sassan kiɗa suna kudu: Jami'ar Najeriya ta Nsukka, wadda ta buɗe nata tun 1961, sai Ile-Ife, Fatakwal, Uyo, Awka da Abraka. A arewa akwai Jos. Akwai kuma difloma ta shekara 2 a makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas. Digiri shekara 4 ne ta JAMB, 3 ga mai NCE ko difloma da aka ɗauka kai tsaye. Ku duba ƙasidar JAMB ta shekarar don haɗin darussa, domin kowace jami'a da sharaɗinta.

Amma abin da ke kayar da yaranmu ba shiga ba ne, karanta rubutun kiɗa ne. Kunne baiwa ce, sai dai a aji za a ajiye masa takarda mai layi biyar-biyar da bai taɓa gani ba, a ba shi ɗan lokaci ya duba, a ce bismillah. Hannun dama na karanta layin sama, na hagu na karanta na ƙasa, kuma alamar da ke layi ɗaya ba sunanta ɗaya a wuraren biyu ba. Wanda ya saba da do-re-mi na solfa ma sai ya sake zama. Ya riƙa karanta sabon abu mai sauƙi na minti 15 kullum, ba tsayawa gyaran kuskure, ba kallon yatsu. In ya maimaita abu sau uku ya zama hadda, ba karatu ba, sai ya canza.

Sannan kibod ɗin. In mai maɓalli 61 ne marar nauyi, zai cuce shi. Piyano maɓalli 88 ne, kuma kowanne sai an danna da ƙarfin yatsa. Wanda ya taso da marar nauyi, ranar da ya zauna gaban piyano sai sauti ya fito wani da ƙarfi wani a mace, musamman daga yatsa na huɗu da ƙaramin. A nema masa mai nauyi ko da na hannu ne, da fedar riƙe sauti. Ya koyi jerin yatsu daidai tun farko: a sikelin C, wato jerin sautuka takwas daga C zuwa C ta sama, hannun dama 1-2-3 (1 shi ne babban yatsa, 5 ƙaramin), babban yatsa ya ratsa ƙasa ya faɗa kan F, sannan 2-3-4-5. Ya sa agogon bugu na waya, mai ƙirga saurin kiɗa, a bugu 60 a minti, kada ya ƙara sai ya yi sau biyar a jere ba tuntuɓe, sannan ya ƙara 4.

Gwaggon Mawaƙa

'Yata, in murya ya zaɓa, ga abin da ya kamata ku sani. A ajin murya babu makirfo, babu na'urar situdiyo mai gyara sauti. Shi da mai piyano ne a zaure, kuma dole na kujerar baya ya ji. Wanda bai san aikin numfashi ba sai ya matse maƙogwaro don ya kai, bayan mako biyu murya ta dishe. Numfashin ya sauka ƙasa, haƙarƙari ya buɗe ta gefe da baya, kafaɗa kada ta ɗaga. Ya ja iska a ƙirga huɗu, ya sake ta da "sss" siririya ba yankewa, daga daƙiƙa 15 har ya kai 30.

Namiji ɗan 17 ko 18 muryarsa ba ta gama zama ba. Kada ya laƙaba wa kansa tenor, mai siririyar murya, ko bas, mai kakkaurar murya, malami ne zai saurare shi tsawon watanni kafin ya yanke. Akwai wata gaɓa a muryar maza masu siririyar murya, wajen sautin E zuwa G da ke saman C ta tsakiyar piyano, inda murya ke karyewa ko ta koma ihu. Ba a ture ta da ƙarfi. Ana rage nauyi, a ɗan zagaye wasalin, "a" ta karkata wajen "o". Wannan kaɗai yakan ci shekara biyu, kada ya karaya.

Abin farin ciki, Bahaushe na da riba a waƙar Italiyanci, wadda yawanci da ita ake farawa. Wasulanmu a, e, i, o, u tsarkakakku ne kamar nasu, kuma mun san bambancin baƙi ɗaya da mai ƙarfi, kamar "kula" da "kulle". Inda ake kama mu shi ne p da f, da b da v. A Jamusanci kuma akwai wasulan da ake faɗin "i" da leɓe a zagaye kamar za a ce "u". Madubi ke gyara wannan.

Ɗan Gawon Nama

Gwaggo, ki ƙara musu da batun hunturu da azumi, nan ne yaran ga ke lalata murya idan sun dawo hutu.

Gwaggon Mawaƙa

Gaskiyarka, ɗana. Iskar hunturu a Sakkwato bushewa gare ta ga ƙura, kuma tantanin murya sai da laima yake motsi da kyau. Ruwan da ka sha yanzu ba ya taɓa shi kai tsaye, sai ya bi jiki, don haka a riƙa sha tun da safe kaɗan-kaɗan. Sirace da ruwan zafi zalla na minti 10 yana kaiwa wurin, ba sai an zuba man zafi ba. Alewa mai sanyaya maƙogwaro ɓoye zafin kawai take yi, mutum ya ci gaba da waƙa yana ƙara rauni bai sani ba. A sa takunkumi a kan babur. A daina kakari da gyaran murya da ƙarfi, a haɗiyi yawu maimakon haka.

Da azumi a mayar da atisaye bayan tarawi. Da rana a yi aikin ido: haddace kalmomi, karanta rubutu, sauraro. Kada a cika ciki da yaji da maiƙo a sahur a kwanta nan take, ƙwannafi na hawowa ya ƙona maƙogwaro, a tashi da murya a dishe. Atisayen murya minti 20 zuwa 30 ne a zama ɗaya, sau uku a yini ya isa. Dishewar da ta wuce mako 3 ba ta zuma da citta ba ce, a je wa likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa da na'ura.

Mai Tsirkiya Huɗu

Ni zan yi magana kan biyolin, gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, don ko ya zaɓi piyano ko murya ana iya neman ya ɗauki kayan kiɗa na biyu. Itace na shan laima a kudu ya kumbura, ya zo nan ya bushe ya tsuke. Abin da yake so laimar kashi 40 zuwa 60 ce, hunturunmu kuwa yana sauka ƙasa da haka nesa. Alamar farko, 'yan itacen ɗaure tsirkiya su riƙa sulɓewa da kansu. Daga nan sai gam ya saki a gefe, ko fuskar ta tsage. Maganinsa mai araha: soso a jiƙa a matse sosai, a sa a gidan sabulu da aka huda, a ajiye cikin akwatin a rufe. Kada ruwa ya taɓa itacen.

Kada a kwance tsirkiyoyin huɗu lokaci ɗaya. Akwai ɗan itace a tsaye a ciki wanda nauyinsu ne ke riƙe shi, in ya faɗi sai mai gyara, kuma samunsa a nan wuya ne. A canza ɗaya bayan ɗaya. Izgar sandar gogawa ma tsukewa take a bushewa. Wadda aka ɗaura a Legas da damina tana iya ɗamewa a nan har ta lanƙwasa sandar ko ta karya kanta, don haka a sassauta ta bayan kowane atisaye. Barin biyolin a but ɗin mota a watan Afrilu kuwa, ko na minti 30, yana iya sakin gam ya ɓata fenti.

Tsohon Ɗan Badujala

Masu busa: kilarinet da saksofon, a sayi ɗan karan baki mai lamba 2 ko 2.5, a jiƙa minti biyu kafin busa, a riƙa juya guda huɗu. Kakakin Turawa kuma ƙura ke maƙale masa maɓallai, man da aka yi dominsa kaɗai za a sa, ba man keke ba.

Ɗan Gawon Nama

Malamin Piyano, da girmamawa, ban yarda a sa yaro ya ɗauka kunnensa ba komai ba ne. Akwai darasin horar da kunne, inda ake kaɗa abu a ce ka rubuta, kuma masu kunne ne ke tsere wa sa'a a nan. Ban da haka, ana koyar da kiɗan Afirka, a wasu sassan har da wasa da kayan gargajiya. Ɗan Sakkwato da ya zauna da makaɗin kalangu ko goge ya je da abin da 'yan ajinsa ba su da shi. Kalangu fuska biyu gare shi, matsa tsirkiyoyinsa a hammata ke ɗaga sauti har ya bi karin maganar Hausa. Kotson fada fuska ɗaya ce, da hannu ake kaɗa shi. Matsalar da zai tarar ita ce rubutun layi biyar ba ya ɗaukar zamiyar sautin goge da kalangu yadda take, sai ya ƙirƙiri alamominsa ya yi bayaninsu, ya haɗa da faifan da ya naɗa. Ya nemi izinin makaɗin kafin naɗa, ya kuma yi masa ihsani.

Malamin Piyano

Na karɓa, ɗan'uwa, kunnen zai yi masa rana. Ƙari ɗaya, Yaya: a shekarar ƙarshe akwai wasan kammalawa a gaban malamai da jama'a. Ya samu mai raka shi da piyano tun farkon zango, su riƙa haɗuwa kowane mako, ya kuma yi wasan gaba ɗaya a gaban abokai sau uku kafin ranar, da kayan da zai sa a jikinsa. Haddar da ke yatsu kaɗai tana gudu in gaba ya faɗi, sai ya iya farawa daga kowace gaɓa ta tsakiya.

'Yar Mabera

Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Malam, kafin mu samu mai nauyin, ya ci gaba da karatun minti 15 ɗin a kan na 61, ko ya dakata?

Malamin Piyano

Ya ci gaba, karatu ba ya buƙatar nauyi. Sikel da sauri ne zai jinkirta har sabon ya iso.